Bindigar Mai Burodi

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Likitar motsa jiki ta ce in riƙa rubutu kullum da hannun dama, ko layi ɗaya ne. To ga layin nan na rubuta. Daga nan hagu ce ta karɓi alƙalami, don ina da magana, in kuwa na biye wa dama sai rana ta faɗi ban gama ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Ba "tsohon mai gyara" ba, yadda na ji wani ya faɗa da ya zo duba ni. Tun ba ni da gemu nake sana'ar nan, kuma duk telan da ke layinmu ya san in kekensa ya fara tsallake ɗinki, ƙofata zai buga. Amma tun ranar nan da ciwo ya kayar da ni, makullin shagona yana cikin jakar babbar 'yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci. Ta ce ƙarshen watan nan za ta miƙa wa mai ginin makullinsa, akwai wani mai gyaran waya da ke son wurin. Da murya mai laushi ta faɗa, tana gyara min matashi. Ni kuwa na ture matashin.

Lafiyata ƙalau.

Talata, 5 ga wata, bayan la'asar

Mai Burodi ya zo. Gidan burodinsa bango ɗaya ne da shagona, shekara da shekaru ina shaƙar ƙamshinsa kyauta. Ya shigo da wani dogon abu naɗe cikin buhun fulawa, ya ajiye min a kan cinya.

"Yaya, aiki na kawo maka."

Bindigar iska ce, tsohuwa, katakonta duk ya ƙoƙe. Ya ce ɓeraye sun mai da ɗakin fulawarsa gidan ubansu. Guba ba ta yiwuwa kusa da abin da mutane za su ci, tarko kuwa sun haddace shi. Shi ne ya sayi wannan a hannun wani.

"Na auna wani ƙato, na harba. Wallahi Yaya, harsashin ya fito kamar ana roƙonsa. Ɓeran ya juyo ya dube ni, ya ci gaba da cin abincinsa."

Na ce ni keke nake gyarawa. Ya ce abin da duk ke da sifirin da fistin ai dangin juna ne. Matata, wadda nake kira Gwamnati tun muna da ƙuruciya, tana bakin ƙofa tana harararsa, shi kuwa ya ƙi kallon wajenta.

Ba yaro ba ne ni. Na san akwai masu gyaran irin wannan a gari, na kuma san dalilin da ya sa ya tsallake su ya kawo min. Tausayi ne aka naɗe a buhun fulawa. Na so in mayar masa da abinsa. Sai hannuna na hagu ya shafa ƙarfen, na ji sanyinsa, na ji wani sukuru yana rawa a ƙarƙashin yatsana. Na ce ya bar ta.

Laraba, 6 ga wata, da safe

Bindigar ba ta da wani asiri. Babu albarushi a cikinta. Ana karya hancinta ƙasa, sai fistin ya ja baya ya matse sifirin. A sa ɗan harsashin dalma, a miƙe hancin, a ja kunama. Sifirin ya zabura, fistin ya tura iska, iskar ta kori harsashin. Famfon taya ne mai zafin rai. In ƙarfinta ya mutu, to ko sifirin ya gaji, ko fatar da ke kan fistin ta daina tare iska.

Na baje akwatin kayan aikina na gida a kan bencin bayan ɗaki. Na cire katakon bindigar. Sukuru uku ne kacal, amma sun ci min safiya, don sukundireba a hannun hagu baƙo ne.

Alhamis, 7 ga wata, da rana

Na tsaya. Sifirin ɗin a matse yake a ciki ko ba a ɗana ba. In na buge ƙusar da ta tare shi ba tare da wani abu ya danne bayansa ba, zai fito da ƙarfin da zai zubar wa mutum haƙora. Mai hannu biyu ma sai ya yi hattara.

Gwamnati ta kawo min ruwa, ta tarar da ni na zuba wa ƙarfe ido.

"Malam, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kira Mai Burodi ya danne maka mana."

Na ce ai ba jinka na ce zan ɗauka ba.

"To Allah ya ba da sa'a. Ga maganinka nan, kar ka ce ka manta."

Ban manta ba. Ban taɓa mantawa ba. Lafiyata ƙalau.

Asabar, 9 ga wata, da yamma

Na aika Mai Burodi ya aro min ƙaramin jak na motar rabon burodinsa. Ya tambaya ko bindigar ce ta yi faci. Na ce ya kawo dai.

Na sami wani dogon katako mai kauri. Na kafa gungume a wannan kai, na kafa wani a wancan. Bindiga ta kwanta a tsakani, bakinta ya tokare gungume ɗaya, jak ya tokare ɗayan yana danne bayanta. In na murɗa jak da hannu ɗaya, shi zai riƙe sifirin, ya kuma sake shi a hankali yadda nake so.

Kafa ƙusa ne ya so ya gagare ni. Dama ba ta dunƙulewa, balle ta riƙe ƙusa. Sai na ɗauko ɗan icen nan da Gwamnati ke maƙale wanki da shi, na maƙale ƙusar, na ɗora tafin dama a kan icen, hagu ta buga guduma. Nan na gane abu guda: dama ba ta iya riƙewa, amma ta iya dannewa. Mutumin da ya iya danne abu kuwa ba a ce masa ba ya aiki.

Gwamnati tana can tana neman abin maƙale wankinta. Ban ga komai ba.

Lahadi, 10 ga wata, da hantsi

Na buɗe ta. Ni kaɗai. Wannan layin da dama na rubuta shi.

Lahadi, da yamma

Sifirin ya fito salin-alin, ko tari bai yi ba. Da na zaro shi sai ga shi gida biyu, ya karye kusa da ƙarshe. Fatar kan fistin kuwa ta ƙone ta bushe, na taɓa ta ta marmashe. A tsakiyarta na ciro kan wata 'yar ƙusa. Wato wanda ya mallake ta a da, in harsashi ya ƙare masa, ƙusa yake ɗura mata. Allah ya shirya. Akwai mutanen da bai kamata a ba su ko allura ba.

Tsohon giris ya daskare a cikin silinda, bututun da fistin ke tafiya a ciki, ya yi baƙi ƙirin. Na naɗa tsumma a sanda, na jiƙa da kananzir, na yi ta wankewa har tsumman ya fara fitowa fari. Na ɗaga silindar ta fuskanci rana, na leƙa. Babu tsaga, babu rami mai zurfi. Wanda ya ƙera ta ya san aikinsa, waɗanda suka riƙe ta ne ba su san nasu ba.

Na ci abinci da yawa yau. Gwamnati ta lura, ta ƙara min.

Talata, 12 ga wata, bayan azahar

Uwata ta biyo daga wurin aiki. Ta ga jak, ta ga katako, ta ga hannuwana baƙi da giris.

"Baba, wa ya ba ka bindiga?"

"Ba ni aka ba ba. Gyara aka kawo."

"Likita ya ce ka huta."

"Likitar motsa jiki kuma ta ce in motsa. Ki haɗa su su sasanta, sai ki faɗa min."

Ba ta yi dariya ba. Da, wannan maganar sai ta sa ta riƙe ciki. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ɗora jakarta a cinya. Na ji ƙarar makullai a ciki, na san nawa yana cikinsu, don na san muryarsa.

"Baba, ko ka gyara ta, ba abin da zai canja."

Na ce to. Na ci gaba da goge fistin da samfefa. Wanda bai ga aiki ba ai ba ya yanke masa hukunci, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Alhamis, 14 ga wata, da safe

Mai Burodi ya samo sabon sifirin a wajen masu kayan gyara. Ya fi tsohon tsawo kaɗan. Na rage shi, na lanƙwasa ƙarshen ya kwanta daidai, na bi shi da magagari, sannan samfefa, har ya yi sumul yana ɗaukar ido. Ba wanda zai taɓa ganin ƙarshen sifirin nan in na rufe bindigar. Ni na san yana nan.

Na kuma yanka gwangwanin lemo na naɗa shi siriri a cikin fistin, don sifirin ya zauna cif, ya daina kaɗawa yana kuka in an harba.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Fata. Na taka har wajen mai gyaran takalmi na bakin titi, da ƙafata, ba sanda. Ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa, amma wannan takalmin ne. Ya zaɓo min fata mai kauri, ta ƙirgi sosai, ya ƙi karɓar komai. Kowa ya zama mai kyauta a kwanakin nan, abin har ya fara ba ni haushi.

Dabarar ita ce a yanka fatar zagaye, a jiƙa ta da ruwa ta yi laushi, a danna ta cikin guntun bututu mai faɗin silindar, ta bushe a haka ta zama kamar ɗan ƙoƙo. Jak ne ya yi min dannawar. Ta farko ta yage. Ta biyu ta fito a karkace kamar hular mashayi.

Asabar, 16 ga wata

Ta uku ta yi.

Litinin, 18 ga wata, da hantsi

Na ɗaura fatar a kan fistin, na rage gefenta da reza kaɗan-kaɗan, har ta shiga silinda da ɗan tauri. Na toshe ramin iska da yatsa, na tura fistin, ya ƙi tafiya, ya dawo min da kansa. Wato ko numfashi ba ya wucewa. Na kira Gwamnati ta zo ta gani.

"Me zan gani?"

"Tura nan."

Ta tura, ya dawo. Ta sake turawa, ya sake dawowa.

"To, sai aka yi yaya?"

Shekara nawa muna tare, har yau matar nan ba ta san abin mamaki ba in ta gan shi. Na shayar da fatar man keke sosai, na ƙara ɗiga wani a cikin silinda don ta ji daɗin tafiya. Gobe zan rufe.

Talata, 19 ga wata, da yamma

Ban so in rubuta wannan ba.

Na rufe ta lafiya. Na jingina buhun yashi a bangon baya. Na tokare gindinta a cinya, na karya hancin da hagu, na sa harsashi, na harba.

Ƙarar da ta yi ba ta bindigar iska ba ce. Kunnena ya toshe, hayaƙi ya fito ta baki yana warin ƙonannen mai, tsuntsayen unguwa duk suka tashi. Na ji faɗuwar tukunya a kicin. Gwamnati ta fito a guje ba ɗankwali, tana kiran sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta. Ta gan ni zaune, ta dafa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa. Na ce ba komai, mai ne. Ba ta ji ni ba, wayarta take latsawa.

Uwata ta iso ko jakarta ba ta rufe ba. Ba ta kalli bindigar ba sam. Ta durƙusa a gabana tana kallon bakina.

"Baba, yi murmushi."

"Me aka yi na murmushi?"

"Don Allah yi. Ɗaga hannuwanka duka biyu. Faɗi sunana."

Na yi. Na ɗaga. Na faɗa. A gaban matata, a gidana, kamar ɗan makaranta. Da ta gamsu sai ta miƙe ta shiga ɗaki wajen uwarta, suka rufe ƙofa. Na ji ana cewa "ƙarshen wata".

Laraba, 20 ga wata

Ban yi layin dama ba yau.

Alhamis, 21 ga wata

Ruwan sama. Bindigar tana ƙarƙashin benci. Lafiyata ƙalau.

Juma'a, 22 ga wata, da rana

Injin wutar maƙwabta ne ya ba ni amsa. Ina kwance ina jin bugunsa, sai na tuna injin dizal ba shi da fulogi. Matsa iska kawai yake yi har ta yi zafi, mai ya kama da kansa. Abin da na yi ke nan. Na cika silinda da man keke, siririn mai mai saurin kamawa, fistin ya matse iska a kansa, ya tashi. Na mai da bindigar Mai Burodi injin dizal.

Laifin sabo ne. Mai gyaran keke in ya ga ƙarfe yana goga ƙarfe, hannunsa da kansa yake zuwa kan gwangwanin mai. Keke ba ya ƙin mai. Wannan kuwa ba keke ba ce, ko da Mai Burodi ya ce dangi ne.

Abin da ya faranta min rai shi ne, kuskuren na kai ne, ba na hannu ba. Mai hannu goma ma da ya yi shi. Na tashi na jawo ta daga ƙarƙashin benci. Gwamnati ta gani ta taga.

"Malam, ba ka daddara ba?"

"Na gano ciwon."

"Girman kai dai rawanin tsiya ne."

Na ce ai ba ni da wani rawanin, sai in yi da wanda na samu.

Lahadi, 24 ga wata, da yamma

Na sake buɗewa. Sifirin bai yi komai ba, Allah ya taimake ni. Fatar ta babbake a gefe. Na wanke silinda tas, na bar ta ta bushe. Na yi sabuwar fata, wannan karon tashi ɗaya ta fito. Mai gyaran takalmi ya ba ni man da suke shafa wa fata, mai kauri, ba ya saurin kamawa. Na jiƙa ta ta kwana a ciki, na matse, na goge har ba ta barin maiƙo a yatsa. Giris kuwa sai a bayan fistin da jikin sifirin, shafa ɗaya. Gaban fata ko ɗigo ban bari ba.

Kafin in harba na je na gaya wa Gwamnati, don kar a sake asarar tukunya. Ta tsaya a bakin ƙofa da hannuwa a kunne. Bindigar ta ce "tab", gajere, ba kuka, ba hayaƙi. Harsashin ya nutse cikin katakon da na jingina.

"Shi ke nan?" in ji ta.

Shi ke nan. Haka ake so.

Litinin, 25 ga wata, da safe

Na barbaɗa 'yar fulawa a mahaɗar da hancin ke karyewa, na harba. Fulawar ta yi tsalle. Iska tana zurarewa ta nan ke nan. Akwai wani ɗan zoben fata a wurin, ya lotse. Na ƙwaƙule shi da allurar keke, na yanka sabo. Na sake barbaɗa fulawa, na harba, ko motsi ba ta yi ba.

Uwata ba ta zo ba tun ranar Talata. Tana kiran uwarta safe da yamma. Ina jin ana cewa "ya ci", "ya sha", "yana baya".

Laraba, 27 ga wata, bayan la'asar

Ƙarfi ya dawo, saiti ya ƙi. Don in cire hannuna daga zargi, na ɗaure ta tamau a kan benci da igiyar roba, na auna tsakiyar kwali. Harsashi ɗaya sama, ɗaya hagu, ɗaya ban ma san inda ya tafi ba. Na duba kowane sukuru. Na wanke cikin hancin. Na ƙara ɗaurewa. Sai abin ya ƙara lalacewa.

Bindigar da ba ta samun abin da aka auna, sanda ce mai tsada. Asabar Uwata za ta zo mu je kwashe kayan shago.

Alhamis, 28 ga wata, da yamma

Na kwance igiyar don in mayar da ita buhunta. Saura harsashi kaɗan a gwangwani, na ce bari in ƙarar. Yatsan dama ba ya jan kunama, saboda haka na sa gindinta a kafaɗar hagu, yatsan hagu a kunama. Gabanta kuma na ɗora a tafin dama. Tafin a buɗe yake, don ba ya rufuwa. Bindigar tana kwance a kai kawai, ba mai riƙe da ita.

Na harba. Na sake. Na sake. Na taka na je wajen kwalin, na ga rami ɗaya mai ɗan faɗi. Na ɗauka sauran sun ɓace ne. Na duba katakon da ke bayan kwalin, na tarar da su a cushe wuri guda, wani kan wani.

Na zauna na yi tunani. Sifirin da fistin suna zabura tun harsashi bai bar hanci ba, bindigar duka tana motsi. In an matse ta, kowane harbi da irin fizgar da za ta yi. In an bar ta ta yi motsinta, iri ɗaya take yi kullum. Ashe ɗaurin da na yi mata ne ciwon.

Na daɗe ina kallon tafin nan. Tun ranar nan ban kalle shi da daɗin rai ba sai yau.

Asabar, 30 ga wata, da yamma

Maganar yau doguwa ce, hagu ta yi haƙuri.

Uwata ta zo da hantsi da kwalaye a bayan mota. Mai Burodi ma ya zo, don na aika masa cewa aikinsa ya kammalu. Na ce kafin a tafi ko'ina, mai kaya ya gwada kayansa. Na kafa murfin kwalba a jikin katako a ƙarshen tsakar gida.

Mai Burodi mutum ne da ya shekara yana murza ƙullu. Ya damƙi bindigar nan kamar za ta gudu, ya manna ta a kafaɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya harba, ƙasa ta tashi can gefe. Ya sake, ya sami bango. Ya juyo yana murmushin da na tsana.

"Kai, Yaya, ai ta fi yadda take da, nesa ba kusa ba. Ƙarfi kam ya dawo. Saitin ma a hankali zan saba."

Uwata ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Mu je kar rana ta yi."

Sannu da ƙoƙari. Abin da ake ce wa yaro in ya zana doki ya fito kamar kujera.

Na ce ya miƙo min. Na ɗana da hagu, na kwantar da ita a tafin dama. Na auna. Na harba, murfin ya yi ƙara. Na sake ɗanawa, na harba, ya sake yi. Na uku ya fizge shi daga jikin katakon, ya yi sama, ya faɗo yana juyi a kan siminti.

Mai Burodi ya yi ihu har da tsalle. Na ce masa, "Ba ƙullu ba ce. Sake ta, ɗora ta kawai." Ya gwada da tafi a buɗe, ya sami gefen katakon, na biyu ya matso. Ɓerayensa sun shiga uku. Gwamnati ta je ta tsinto murfin tana juya shi, na ga ta sa shi a bakin zaninta.

Na juya wajen Uwata. Ba zan ɓoye ba, ƙirjina a cike yake, jira nake ta buɗe jaka. Sai na ga hawaye take yi.

"Baba, kai kana ganin hannunka nake wa shakka? Na san ko da ƙafa ne za ka gyara ta."

"To mene ne?"

"Ni na same ka ranar nan. Ƙofa a rufe, rediyo yana ta magana, kai kana ƙasa tsakanin kekuna. Tun safe kake nan, sai da azahar na zo. Bango ɗaya tsakaninka da mutane, ba wanda ya sani. Kana kallona, bakinka yana motsi, ba abin da ke fita." Ta share fuska da bayan hannu. "Kullum na wuce ta layin nan sai na ga wannan. Ba shagon nake so in raba ka da shi ba, Baba. Kwanciyar nan taka a ƙasa ce ba na so in sake gani."

Ban taɓa tambayar wanda ya same ni ba. Ban so in sani ba. Makonnin nan duka ina ta shirya amsa, ashe ba tambayar da aka yi min ke nan ba.

Mai Burodi ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma tun ranar bai yafe wa kansa ba, ya ji rediyo ya ɗauka lafiya. Ya ce in za a yarda, zai fasa ƙaramar taga a bangon da ke tsakaninmu, shi zai yi magana da mai ginin.

Uwata ta kawo nata sharuɗɗan. Ƙofa a buɗe ko ana ruwa. Rabin yini kawai. Waya a rataye a wuyana da igiya, kuma in ta kira in ɗauka.

"A wuya? Akuya ce ni da za a sa min ƙararrawa?"

Su uku suka zuba min ido. Na dubi fuskar yarinyar nan, na ga yadda ta rame a wata biyun nan, ni ina can ina lissafin yatsuna ban lura ba.

Na ce igiyar dai kar a sa ja.

Litinin, 2 ga sabon wata, da azahar

Na buɗe shago. Kwaɗon ya yi tsatsa, na ɗiga masa man keke, shi kam ya gode. Ƙura ko'ina. Tsakanin kekunan nan biyu na baya ban tsaya kallo ba, na ja tebur na ɗora a wurin.

Kafin hantsi tela biyu sun leƙo, ɗaya da kan keke a kafaɗa. Magini yana ta auna bango ta ɓangaren Mai Burodi. Igiyar baƙa ce, wayar tana bugun ƙirjina duk lokacin da na sunkuya.

Ina tsakiyar saita ƙugiyar zare, tafin dama ya danne, hagu tana ɗaure sukuru, sai wayar ta yi ƙara. Hannuna duk mai. Na yi niyyar in bar ta ta ɗan jira, don a san mutum yana da aiki. Ban bari ta yi ta biyu ba.

"Baba?"

"Ina ji. Me ya faru?"

"Ba komai. Muryarka nake so in ji."

Na ce to ta ji, ta bar ni haka nan, keken mutane yana buɗe a gabana. Ta ce to. Ba ta kashe ba. Ni ma ban kashe ba sai da ta kashe.